Daga Rigasa zuwa kan Dutsen Fogo: yadda mutumin Kaduna zai hau dutse mai aman wuta a tsakiyar teku

Ta tagar ƙaramin jirgin sama na fara ganin Dutsen Fogo, muna gab da sauka. Ruwa ta ko'ina, shuɗi har ya yi duhu, sai ga wani baƙin dutse ya taso daga cikin teku ya huda gajimare ya wuce. Mu da muka tashi a Kaduna mun san duwatsu, amma namu a zaune suke cikin gonaki da daji, kana iya zagaya dutsen Kufena na Zariya ka dawo inda ka fara. Shi wannan, tsibirin ɗungurungum shi ne dutsen. Garuruwa da gonaki da makabartu duk a jikinsa suke maƙale, ƙafarsa kuma a cikin teku take.

Tun da na dawo 'yan'uwa da abokan aiki ke tambayata yadda ake zuwa, da ko mutum irinmu, wanda bai taɓa hawan abin da ya wuce dutsen ƙauyensu ba, zai iya. Zai iya. Sharaɗin ɗaya ne: ya san cewa mu mutanen fili ne. Mun saba da zafi da doguwar tafiya a miƙe, ba mu saba da tsayi da sanyin sama da ƙasar da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa ba. Waɗannan ukun su ne ke kayar da mutanenmu, kuma duk ana iya shirya musu tun daga gida.

Wane dutse ne

Fogo ɗaya ne daga tsibirai 10 na ƙasar Kabo Berde, wadda muka fi ji a labarin ƙwallo da sunan Cape Verde. Tana cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. Ta sami 'yancin kai daga Fotugal a 1975, kuma mamba ce a ECOWAS. Kalmar "fogo" a harshen Fotugal wuta take nufi. Ƙololuwar dutsen, Pico do Fogo, tana da tsayin mita 2,829, ita ce wuri mafi tsayi a ƙasar. Garin Kaduna kuwa kimanin mita 600 yake sama da teku, ka ga tazarar.

Dutsen bai mutu ba. Ya yi aman wuta a 1951, ya sake a 1995, sannan daga 23 ga Nuwamba 2014 har zuwa Fabrairun 2015. Wannan na ƙarshen ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira da narkakken dutse. Ba a rasa rai ba, domin an kwashe mutane kafin wutar ta iso, amma gidaje da gonaki sun tafi. Ka riƙe wannan a ranka, don daga cikin mutanen da abin ya faɗa wa za ka sami mai masaukinka da wanda zai ja ka zuwa sama.

Ba daga bakin teku ake fara hawa da ƙafa ba. A saman tsibirin akwai wani makeken kwari, Chã das Caldeiras, mai faɗin kusan kilomita 9, a tsayin mita 1,700 ko kusa da haka. Wata katangar dutse da ake kira Bordeira ta kewaye shi ta yamma kamar ganuwa, tsayinta a wasu wuraren ya kai mita 1,000. Gefen gabas a buɗe yake, yana gangarawa kai tsaye zuwa teku. A cikin kwarin nan ƙololuwar ta tsaya. Saboda haka abin da ƙafarka za ta hau kimanin mita 1,100 ne. Wannan lissafin shi ne ginshiƙin duk shirin da za ka yi.

Mataki na farko: likita, kafin komai

Na sa wannan a gaba da gangan. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da jinin AS, da yawa kuma ba su sani ba. A sama iskar da kake shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar ta ƙasa. Mai ciwon sikila, wato SS, hawan nan ba nasa ba ne ko kaɗan. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, an san tsayi haɗe da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki na iya taɓa masa saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Don haka ka je asibiti a gwada jininka, a auna hawan jini da suga, ka faɗa wa likita a fili cewa dutse mai kusan mita 3,000 za ka hau. Mai asma ya ƙara da cewa akwai ƙura da hayaƙin farar wuta a can. Mace mai juna biyu ta ɗaga tafiyar. Abin da likita ya ce, shi ke nan.

Wata uku na horo a Kaduna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hawa ɗaya na bene kimanin mita 3 ne, ke nan mita 1,100 ya haura hawa 360. In a wurin aikinku akwai bene mai hawa huɗu, sai ka hau shi sau 90 kafin ka yi abin da dutsen zai nema daga gare ka a safiya ɗaya. Kada lissafin ya karya maka gwiwa, ba a rana ɗaya za ka kai can ba.

A watan farko tafiya kawai. Bayan sallar asuba ka fita da sauri na minti 40 zuwa awa ɗaya, sau huɗu a mako. Dandalin Murtala ya isa, ko titin unguwarku kafin 'yan Keke su cika shi. Da takalmin da za ka hau dutsen za ka riƙa fita, tun daga ranar farko, don ya saba da ƙafarka.

A wata na biyu ka shigo da matakala. Fara da hawa 20 a jimlace, ka riƙa ƙara goma duk mako. Ka goya jaka da gorar ruwa biyu manya a ciki. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne saukowa: su hau da ƙafa, su sauko a guje ko ta lifta. Ka sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe nauyinka da cinya. Naman cinyar da ke taka maka birki shi ne zai yi kuka a Fogo, kuma a saukowa kaɗai yake samun horo.

A wata na uku ka nemi ƙasa mai zamewa. In rani ne, yashin bakin Kogin Kaduna makaranta ce: ka yi rabin awa kana tafiya a inda ƙafa ke nutsewa, za ka ji yadda sha-raɓa ke ɗaukar zafi. Haka tokar dutsen take, sai dai ita a tsaye. Sannan ka hau dutse na gaske sau biyu ko uku. Kufena a Zariya yana kusa, duwatsun Kagoro sun fi shi tsayi da wahala. Ka tafi cikin ayari, da rana, tare da ɗan gari, bayan ka tambayi halin da hanya take ciki a makon. Ranar da ka iya tafiyar awa biyar da jaka a baya, washegari kuma ka tashi ka tafi aiki ba ka ɗingishi, ka shirya.

Takardu da lokacin tafiya

Da fasfon Najeriya ba ka buƙatar biza, albarkacin ECOWAS. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Jami'in shige da fice yana da ikon ya tambaye ka inda za ka sauka, da ranar komawarka, da abin da za ka ci da shi. Ka buga tikitin dawowa da takardar masauki a takarda, ka riƙe shaidar kuɗi, ka amsa tambaya a taƙaice cikin natsuwa. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ka karɓo na gaskiya, kuma a yi maka allurar aƙalla kwana 10 kafin ka tashi. Kafin ka biya kuɗin jirgi ka sake duba ƙa'idar shiga ƙasar ta wannan lokacin, don irin waɗannan dokoki ana taɓa su.

Daminar Kabo Berde gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa wajen Yuni rani ne, shi ne lokacin hawa. Sai dai akwai wani baƙo da za ka tarar ya riga ka isa: hazonmu na hunturu. Iskar da ke kwaso ƙurar Sahara ta rufe Kaduna da Kano, ita ce ke tsallaka teku ta sauka a kansu, suna kiranta bruma seca. Tsakanin Disamba da Fabrairu takan hana ƙananan jiragen sama tashi, ta kuma rufe maka tekun da ka sha wahala don ka gani daga sama. A ganina Nuwamba, ko daga Maris zuwa Mayu, sun fi. Kuma ka duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Kuɗinsu eskudo ne, an ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya eskudo 110 da 'yan kai. Ka canza nairarka zuwa yuro tun a gida. A Praia, babban birnin ƙasar, ko São Filipe, babban garin Fogo, ka mayar da abin da za ka kashe zuwa eskudo, ƙananan takardu, domin a cikin kwarin da tsabar kuɗi ake mu'amala.

Kaya

Takalmi ne sarki. Mai rufe idon sawu, mai kaushin ƙasa, wanda ya ɗara ƙafarka da kaɗan don yatsu su sami wurin motsi a gangara. A gwanjon Kasuwar Barci ana dacewa da masu kyau in ka yi haƙurin tonawa. Ka lanƙwasa shi da hannu ka duba ko gam ɗin ƙasan ya fara saki, domin dutsen wuta kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba, tsohon gam ba ya jure masa. Safa doguwa mai kauri, ƙafa biyu.

Sai kayan sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Dare a Chã ya fi tsakiyar hunturun Jos cizo, kuma a ƙololuwa iskar teku ba ta da abin da zai tare ta. Maimakon jibgegiyar riga ɗaya, ka sa uku marasa nauyi: ta ciki mai dogon hannu, suwaita, sai jaket mai tare iska. Kana zufa kana cirewa, kana tsayawa kana mayarwa. Hular sanyi, da safar hannu mai ɗan kauri, wadda za ta yi maka aiki biyu, sanyi da kama dutse. 'Yan'uwa mata, dogon wando mai kauri a ƙarƙashin riga mai tsayawa a gwiwa, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin jaket. Dogon hijabi iska na kama shi kamar tanti, kuma yana rufe miki inda za ki taka.

Ragowar ba su da yawa: tocilar goshi, tabarau mai duhu, rawani ko gyale na rufe hanci, man kaɗanya don leɓe, man kare fata daga rana (baƙar fata ma tana ƙonewa a can sama), filasta, maganin ciwon kai, da sanda. Ruwa lita biyu zuwa uku. Guzuri kuwa namu na gida ya wadatar: dabino, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Kilishi ka bar shi a gida, nama yakan jawo magana a kan iyaka.

Hanya

Daga Rigasa ka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, kwana ɗaya kafin tashinka. Daga Abuja ko Legas yawanci ta Dakar ake bi a isa Praia, babban birnin ƙasar, a tsibirin Santiago. Agogonsu yana bayan namu da awa biyu. Daga Praia zuwa São Filipe, babban garin Fogo, jirgin sama kimanin rabin awa ne, jirgin ruwa kuwa wajen awa huɗu, kuma tekun tsakanin tsibiran nan ba ta da sauƙi ga wanda bai saba ba. In ta ruwa za ka bi, ka sha maganin amai kafin ku tashi, ka zauna inda kake hangen waje.

Shawarar da na fi matsa wa mutane a kanta ita ce su bar kwana biyu a banza tsakanin dawowa daga Fogo da jirgin komawa gida. Hazo ko igiyar ruwa na iya tsare ka a tsibirin. Ni sai da na ƙara kwana ɗaya ban shirya ba, kuma da ban bar rata ba da tikitin Dakar ya ƙone.

São Filipe gari ne a kan gaɓa mai tsayi, da tsofaffin benaye na zamanin Turawan Fotugal da tituna na jeren dutse. A ƙarƙashinsa akwai bakin teku mai baƙin yashi. Ka je ka gani, ka ɗiba a hannu, amma kada ka shiga ruwan, igiyarsa tana ja. Daga nan motocin haya da suke kira aluguer, irin Hiace ɗinmu, ke hawa zuwa Chã. Sukan tashi wajen tsakar rana, su kuma baro kwarin da sassafe, don haka ka tambaya tun da safe. Tafiyar awa ɗaya ce da ɗan ɗori, hawa zalla.

Kwana a cikin kwarin

Motar za ta sha wata kwana, sai duniya ta canza launi. Baƙi ta ko'ina. Narkakken dutsen da ya daskare ya kwanta kamar gonar da aka yi wa huɗa da garmar aljanu, wani wurin a murɗe kamar igiya. A gefen hanya na ga rufin wani gida, shi kaɗai ya rage a waje, sauran ginin yana ƙarƙashin dutse. Tsayin taku goma daga nan kuma ga sabon gida, an gina shi a kan abin da ya cinye tsohon, ga yara suna wasa a ƙofa. Mutanen sun dawo ne saboda ƙasar. Tokar nan tana ba da inabi da tuffa da rumman da ɓaure da wake, kowane dashe a cikin ɗan ramin da aka tona masa don ya tsare danshi. Bahaushen da ya san abin da gonar gado take nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ka kwana biyu a nan kafin ka hau, in hali ya yi. Daren farko jikinka na koyon iskar mita 1,700. Washegari ka yi 'yar tafiya zuwa Pico Pequeno, ƙaramin bakin da ya yi aman 1995, kusa da inda na 2014 ya fashe. A nan ɗan jagoranmu ya tsinko busassun ƙirare ya tura cikin wata tsaga a ƙasa. Ba a yi minti ɗaya ba sai hayaƙi, sai wuta ta kama. Na ɗora tafin hannu a kan dutsen da ke gefe, na ɗauke da sauri. Ƙasar gefen tsagar ta yi rawaya da ja saboda farar wuta, warin kuma kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Maganar abinci sai an kula. Yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma babban abincinsu, cachupa, dafaffen masara da wake ne da akan sa wa naman alade. Ka koyi kalma biyu: "sem porco", wato ban da alade. Ka faɗa tun lokacin da kake kama ɗaki, ka nemi a yi maka da kifi ko ƙwai a tukunya daban. Akwai cukun akuya mai kyau, da gahawar da ake nomawa a tsibirin. Giyar inabi ita ce abin alfaharin kwarin, za a miƙo maka don karramawa. Ka dafa ƙirji ka ce "obrigado", mace ta ce "obrigada", ka nemi gahawa. Ban ga wanda ya ɓata rai ba.

Ruwa a nan tsada gare shi, na sama ake tarawa a tanki ko a kawo da mota. Ka yi alwala da kofi ɗaya, ka yi wanka da rabin bokiti. Alƙibla tana gabas, ka ɗan karkata arewa.

Da ɗan gari akan ci gari. Kada ka hau ba ɗan jagora, ko da wayarka na nuna maka hanya. Babu alamomi a jikin dutsen, gajimare na iya rufe ku cikin 'yan mintuna, kuma shi ya san inda dutse ke sakin jiki. Mai masaukinka zai haɗa ka da ɗaya. Ku yi ciniki da daddare, ku tsayar da lokacin tashi da hanyar saukowa, ka kuma gaya masa gaskiyar ƙarfinka. In kun gama ka ƙara masa wani abu a kan abin da kuka yi, da wannan aikin da yawansu suka sake ɗora rufi.

Ranar hawa

Ka shirya jaka tun dare. Ka yi sallar asuba da zarar lokaci ya shiga, ka ci abu mai ɗan nauyi, ka sha ruwa sosai, ku kama hanya kafin rana ta fito. Dalilin sammakon biyu ne: babu inuwa ko ta itace ɗaya a jikin dutsen, kuma gajimare yakan taso daga teku in rana ta ɗaga.

Sashen farko yaudara ne. Kuna ratsa gonakin inabi a kan baƙar tsakuwa, hawan bai yi tsanani ba, jiki na jin daɗi, sai mutum ya buɗe ƙafa. Kada ka yi. Ka ɗauki takun da za ka iya magana a cikinsa ba tare da haki ba. In ka kasa kai ƙarshen jimla, ka yi sauri da yawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan sai toka da tsakuwa a tsaye, inda za ka yi taku uku ƙasa ta ƙwace ɗaya. A nan ne yashin Kogin Kaduna zai biya ka. Gajeren taku, ka kafa tsinin takalmi, ka taka daidai inda na gabanka ya ɗaga ƙafa domin wurin ya riga ya danne. Ku riƙa tsayawa minti biyar duk bayan minti 40 ko makamancin haka. Kurɓi ruwa ko ba ka jin ƙishi, sanyi na ɓoye ƙishirwa. Dabino biyu, ka tashi kafin jiki ya huce.

Sama da nan hanyar na komawa kan ƙashin dutse, inda hannu zai taya ƙafa. Sa safar hannu, rataya sanda a jaka. Kafin ka ɗora nauyinka a kan kowane dutse ka girgiza shi. Ku ba juna rata, kuma in ka tunkuɗo dutse ka yi ihu nan take don na ƙasa. Sau biyu ko uku za ka ga kamar ga ƙarshen nan, ka isa ka tarar da wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka daina ɗaga kai, ka dubi taku goma na gabanka.

Daga wajen mita 2,500 ne tsayi ke fara taɓa wasu. Ɗan ciwon kai da saurin numfashi ba abin tsoro ba ne, ka huta, ka sha ruwa, ka rage sauri. Amma amai, ko jiri har kana tangaɗi, ko ruɗewar magana, ko ciwon ƙirji, ko ciwon nan na gefen hagu, duk ma'anarsu ɗaya: sauka, yanzu, tare da rakiya. Ku yi wannan alkawarin a tsakaninku tun a ƙasa, domin a sama kunya da tunanin kuɗin da aka kashe sukan rufe wa mutum baki.

Yawancin mutane na kaiwa cikin awa uku zuwa huɗu. Mu mun yi kusan biyar.

A bakin ramin ƙololuwar za ka fara tsayawa. Rami ne mai faɗi, zurfinsa ya haura mita 100, bangonsa ja da rawaya da baƙi, wani wurin yana fitar da tururi. Ka juya baya kuma sai ka ga abin da ya kawo ka: gangara baƙa ta miƙe tun daga ƙafarka har inda farin kumfa ke dukan gaɓa, tsofaffin hanyoyin wuta sun ja layi har cikin ruwa, gajimare yana ƙasa da kai, can gabas kuma duwatsun Santiago suna yawo a kan teku. Abokin tafiyata, mutumin Tudun Wada mai yawan magana, bai ce komai ba sai "Subhanallah", ya zauna. Sa jaket kafin ka ɗauki hoto, kada ka matsa bakin ramin don ƙasar wurin tana zaftarewa. Ɗan guntun da ya rage zuwa ainihin tsinin yana da rami hagu da dama, in ɗan jagora ya ce iska ta yi yawa, ka tsaya inda kake. Minti 20 zuwa 30 ya isa.

Saukowa

Farkonta ta kan duwatsu ne, kuma a nan aka fi jin ciwo, saboda ƙafa ta gaji hankali kuma ya riga ya koma gida. Ka juya ka fuskanci dutsen a inda ya yi tsaye, ka sauka kamar mai sauka daga tsani.

Sannan ku iso kan tokar, gangara ɗaya santala mai ɗaruruwan mitoci. Tsaya ka yi shiri. Ɗaure takalmi tamau, cusa ƙafar wando cikin safa, rufe hanci da rawani, sa tabarau, waya ta shiga jaka a zuge. Ni a nan na yi kuskure: gajeriyar safa na sa, tsakuwa ta cika takalmin, ban tsaya na zazzage ba, na isa ƙasa da bororo a dundunniya biyu, farcen babban yatsa kuma ya yi baƙi daga baya ya fita. Yadda ake yi shi ne ka kafa dunduniya, ka ɗan jingina baya, gwiwa a sake, ka bar ƙafa ta nutse ta tafi da kai. Kowane taku sai ya zama uku. In gudu ya fi ƙarfinka, zauna kawai, tokar za ta tsayar da kai. Ka bi layin ɗan jagora, domin akwai manyan duwatsu a binne. Abin da ka hau cikin awa huɗu za ka sauke mafi yawansa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Azahar da la'asar sai ka haɗa su a masauki, kai matafiyi ne.

In gwiwa ta yarda, bayan hutun kwana ɗaya akwai tafiyar da ke kai ka har bakin ruwa. Daga arewacin kwarin hanya na shiga dajin Monte Velha, inda baƙar ƙasa ke ƙarewa kwatsam a shiga itatuwa da raɓa, ta gangara ta cikin gonakin gahawa da ayaba da lemo zuwa garin Mosteiros a gaɓar teku. Saukar kusan mita 1,700 ce, awa biyar ko fiye, ta fi saukowa daga ƙololuwa cin gwiwa, don haka sanda biyu sun fi ɗaya, kuma ka aika babbar jakarka da mota. A Mosteiros ka sayi gahawa ta tsaraba, ka tambayi lokacin motar São Filipe tun kafin ka zauna cin abinci, don in yamma ta yi motocin sukan ɗauke ƙafa.